Ɗan Riƙo da Takardarsa: Sunan Wa Aka Rubuta?

Ina gaida mutanen Baudeta da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Korgom, da Kona, da Hawan Dawaki, da Maijirgi, da Urafan, har cikin garin Tasawa, da ƴan'uwanmu na gundumar Mayahi duk inda muryar nan ta riske ku, ko a gona, ko a bakin rijiya, ko a gindin bishiya.

Tambaya guda na zo da ita yau, kuma ina roƙon iyayenmu maza da mata su ba ni aron kunne. Yaron nan da kake riƙo, wanda ba kai ka haife shi ba, sunan wa aka rubuta a matsayin uba cikin takardarsa ta haihuwa? Ke kuma Inna, yarinyar da aka ba ki tun ranar yaye, in ta girma ta ce a nuna mata asalinta, me za ki ɗauko ki miƙa mata?

Kada wani ya ce na zo sukar riƙo. Ni kaina tuwon gidan kakata na fara sani kafin na gidanmu, kuma na tabbata rabin masu saurarena haka suke. Ɗan fari dai an san kunyarsa ake ji, da an yaye shi sai hannun kaka. Mace ta daɗe a ɗaki Allah bai ba ta haihuwa ba, ƙanenta ya ɗauki ɗiyarsa ya ce ga ki, ki samu mai ɗebo miki ruwa. Uwa ta rasu wurin haihuwa, kafin a share makoki gwaggo ta goya jinjirin. Aure ya mutu, yaro ya bi uwa sabon gida ya zama agola. Wannan tsohon abu ne a wurinmu. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Baturiya Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙe ƴaƴan dangi har ta aurar. Abin da ya sa riƙon da bai zama cuta ba shi ne ba a ɓoye yake ba. Garin duka ya san ɗan wane ne, wanzamin da ya yi masa aski ya sani, ungozomar da ta yanke cibi ta sani. Ko mariƙi ya so ya ɓoye, tsofaffin unguwa suna nan. Su ne kundin rajistarmu.

To yanzu tsofaffin suna ƙarewa, mutane suna watsewa, wasu Kano, wasu Agadas, wasu Libiya, takarda kuma ta karɓi aikin da bakin tsofaffi ke yi. Nan ne gizo ke saƙar.

Na taɓa halartar irin zaman nan da alƙali ke fitowa ƙauye da ma'aikatansa don a yi wa waɗanda ba su da takardar haihuwa tasu. Ba zan kama sunan garin ba. Layi ya yi tsawo, rana ta take, wani dattijo ya iso gaban teburi da yara huɗu. Mai rubutu ya ce sunan uba, dattijo ya faɗi sunansa. Na biyu, sunansa. Na uku, na huɗu, duk sunansa. Ni kuwa na san na ukun ɗan ƙanensa ne da ya rasu yaron yana goye. Shaidun da ke tsaye su ma sun sani, babu wanda ya yi tari. Da muka koma gefe na ce, Baba, ai wancan ɗan marigayi ne. Ya dube ni kamar na zage shi, ya ce, yaro, wa ke ci da shi? Wa ya kai shi lakkol? In ba ni ne ubansa ba, wane ne?

Wallahi ban ga mugunta a fuskar dattijon nan ba. So ne, da gudun kada maraya ya ji shi bare ne, da kuma gudun dogon bayani a gaban hukuma. Amma a ranar nan, da alƙalami guda, aka shafe sunan mamaci daga jikin ɗansa tilo. Ku tuna, mu a Nijar sunan uba rabin sunanka ne. Shi za a kira ka da shi a aji, shi ke kan katin ɗan ƙasa, shi ƴaƴanka za su ɗauka a matsayin sunan kaka.

Me ya sa hakan ke yawan faruwa? Dokar da ke tsara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a ƙasar nan, mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yuli 2019, ta ba da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa, kyauta, ko a likita ko wurin wanda aka ɗora wa aikin a ƙauye, daga nan a wuce da ita ma'aikatar magajin gari. In kwana sittin suka wuce, sai da hukuncin alƙali. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa da aka yi a 2012 ya nuna kashi 64 cikin ɗari na yara ƴan ƙasa da shekara biyar ne aka yi wa rajista, kuma kowa ya san ƙauye ya fi birni baya. Saboda haka yara da yawa ba sa samun takarda sai ranar da malamin lakkol ya ce babu jarrabawa sai da ita. A lokacin yaro ya shekara goma ko fiye, ya daɗe a hannun mariƙi, uban yana kabari ko yana ci-rani, wanda ya riƙo hannunsa zuwa gaban teburi shi ake rubutawa. Iyayenmu na da, abin da ya ɓace musu a takarda shekara ce kawai, aka rubuta musu an haife su wajajen shekara kaza. Waɗannan kuwa uba ne sukutum ya ɓace.

Bari mu leƙa waje kaɗan, don wannan magana ta daɗe tana tada ƙura a ƙasashen Turawa. Su can, a da, in aka ɗauki yaro ta hannun kotu, sai a yi masa sabuwar takarda da sunan waɗanda suka ɗauke shi, ta asalin kuma a kulle ta. Mutum ya yi furfura, ya je ofis ya ce a ba shi takardar ranar da aka haife shi, a ce masa doka ta hana. A Ingila sai a 1975 aka yi dokar da ta ba wanda ya kai shekara 18 damar karɓar tasa. A Amurka kowace jiha da nata tsarin: Kansas da Alaska ba su taɓa kullewa ba, mutanen Oregon sai da suka kaɗa ƙuri'a a kan maganar a 1998, jihar New York kuwa sai ranar 15 ga Janairu 2020 ta buɗe, dubban mutane suka yi rububin nema cikin ƴan kwanaki, wasu da jikokinsu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na ƙasar Ayalan ne. Wata budurwa, Philomena Lee, ta haihu ba da aure ba a 1952 a wani gidan mata masu hidimar coci a garin Roscrea. Yaron yana shekara uku aka ba da shi ga wasu Amurkawa, aka sauya masa suna ya koma Michael Hess. Ya girma ya zama babban lauya. Ya tako har gidan nan yana neman uwarsa, ita ma tana nemansa, gidan da ya san su duka biyun bai haɗa su ba. Ya rasu a 1995, bayan ya roƙi a binne shi a harabar gidan ko Allah zai sa uwar ta zo wata rana. Ta zo ɗin, kabari ta tarar. Sai a 2022 ƙasar ta yi dokar da ta ba kowa damar ganin takardunsa na asali.

Kun ji nasu. Amma ku lura da bambancin, don shi ne zuciyar maganata. Su faɗansu a kan mabuɗi ne: takardar gaskiya tana nan cikin akwati, an dai kulle. Ranar da doka ta sauya, aka buɗe, kowa ya ga sunan uwarsa. Mu kuwa yaron dattijon nan, ko gobe majalisa ta yi doka ta ce kowane ɗan riƙo a ba shi takardarsa ta asali, me za a ba shi? Babu wata ta asali. Ta ƙaryar ita ce ta farko, ita ce ta ƙarshe, da hatimin hukuma a kanta. Mun yi abin da ya fi na Turawa muni, kuma da kyakkyawar niyya muka yi shi.

Abin mamaki, mu ne ya kamata mu fi kowa nisa da wannan kuskure, don addininmu ya yanke maganar tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Almajirai sun san labarin Zaidu ɗan Harisa. An kama shi yana yaro, aka sayar da shi a kasuwar Ukaz, ya zo hannun Nana Hadiza, ita kuma ta ba da shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mahaifinsa da baffansa suka biyo sawu har Makka da kuɗin fansa, aka ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi zama inda yake. Daga nan mutane suka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzab suka sauka da umarnin a riƙa danganta irin waɗannan ƴaƴa ga iyayen da suka haife su. Ya koma Zaidu ɗan Harisa. Son da ake masa bai ragu ba, matsayinsa bai ragu ba, shi ne ma sahabi guda da aka ambaci sunansa cikin Alƙur'ani. To jama'a, in ba a bar wa fiyayyen halitta ya ɗora sunansa a kan ɗan da ya riƙa ba, ni da kai fa? Ko yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 7 yaro yana da haƙƙin a yi masa rajista da zarar an haife shi, ya kuma san iyayensa gwargwadon hali, sashe na 20 har kafala irin ta Musulunci ya ambata da sunanta. Malami da alƙali bakinsu ɗaya a nan, abin da ba kullum ake samu ba.

Wani zai ce to mene ne a ciki, takarda ce fa. Ku jira ranar rabon gado. A yankin nan namu na jihar Maraɗi, inda gona ta zama gwal, inda ake kai ƙarar ɗan'uwa kan taku biyar na iyaka, ranar da dattijon nan ya rufe ido ƴaƴan cikinsa za su ce wannan ba ɗan babanmu ba ne, kuma a shari'a gaskiyarsu, ɗan riƙo ba ya cin gado a matsayin ɗa. Yaro ya juya gidan ubansa na jini don ya nemi gonar mahaifinsa, a ce masa kawo takarda, takarda kuma ta ce shi ɗan wani ne. Ya yi biyu babu. Alhali da an bar masa sunan ubansa, gonar ubansa tasa ce ba gardama, mariƙin kuma in yana son ya kyautata masa ƙofa a buɗe take: ya yi masa kyauta tun yana da rai, ko ya yi masa wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba.

Sai maganar aure. Wanda bai san cikin da ya fito ba, bai san wadda ta shayar da shi ba, ta yaya zai san wadda ta haramta gare shi? Ga kuma amosanin jini, ciwon nan da likitoci ke kira sikila, wanda ba baƙo ba ne a gidajenmu. In miji da mata duka suna ɗauke da ƙwayarsa, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon. Malamin asibiti zai tambaye ka ko akwai mai shi a danginku, kai kuma ka lissafa masa dangin da ba jininka ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan duhu. Duk inda aka saba da rubuta sunan da ba shi ba ne ba tare da kowa ya ɗaga gira ba, ɓarawon yara ya samu inuwa. A watan Oktoba na 2007 aka kama Faransawan ƙungiyar Arche de Zoé a garin Abeche na Cadi suna shirin tashi da yara 103, wai marayun Darfur ne, bincike ya nuna mafi yawansu suna da iyaye ko dangi a raye. Nan gida, ba mu manta da shari'ar da ta ɓarke a Yamai a 2014 ba, ta jariran da aka ce an shigo da su daga Najeriya, wadda ta taɓa manyan mutane. Ba sai na kama suna ba, waɗanda aka zarga sun musanta, wasu sun ce siyasa ce, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. Abin da nake so ku riƙe shi ne laifin da aka tuhume su da shi: jingina wa mace haihuwar ɗan da ba ta haifa ba. Laifi ne a dokar ƙasar nan, ko a Yamai aka yi shi ko a Baudeta. A 2019 kuma ƴan sandan Kano suka gano yara tara da aka sace aka kai jihar Anambra, an sauya musu suna. Mu da ke zaune kusa da iyaka, kasuwarmu ɗaya da mutanen Katsina da Daura, aurenmu ɗaya, bai kamata mu ɗauki wannan labarin nesa ba.

Yanzu ga inda maganar ke da nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Ba kowane riƙo ne na marayan ƙane ba. Akwai yarinyar da ƙaddara ta faɗa mata, ta haihu a gida, uwarta ta karɓi jinjirin ta ce nata ne, aka rubuta shi da sunan kaka, ya tashi yana kiran mahaifiyarsa Yaya. Akwai jinjirin da aka tsinta a bayan gari, wani bawan Allah ya ɗauka. A nan masu ɓoyewa suna da hujja, kuma hujja ce mai ƙarfi: rufin asiri. Sun san bakin mutanenmu. Sun san kalmar nan mai harafi biyar da ake jifan yaro da ita a wurin wasa, wadda ke hana shi mata in ya girma, alhali bai aikata komai ba. Faransa ma, wadda muka gaji yawancin dokokinmu na takarda daga gare ta, har yau tana barin mace ta haihu ba tare da an rubuta sunanta ba. A 2002 suka kafa hukumar da ke karɓar sunan uwa cikin rufaffen ambulan in ta yarda ta bari, in ɗan ya girma ya nema sai a tuntuɓe ta, in ta ƙi shi ke nan. Wata mata, Pascale Odièvre, ta kai ƙasar ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a kan haka, ta sha kaye a 2003.

Ni dai ga inda na tsaya. Rufin asiri daga kasuwa ake yinsa, ba daga mai asirin ba. Ba wanda ya ce a yi shela. Amma labarin haihuwar mutum nasa ne kafin ya zama na kowa, kuma ban ga dalilin da zai sa unguwa duka ta san abu a kan mutum, shi kaɗai ne bai sani ba. Don kada mu ruɗi kanmu, zai ji. Turawa yanzu gwajin yawu suke aikawa a gano musu danginsu. Mu muna da abin da ya fi wannan sauri, bakin kishiya ranar faɗa, ko na abokin wasa, ko na dangin yarinya ranar da aka je neman aure suka ce sun yi bincike. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zaɓin da ke gabanki, Inna, guda biyu ne kawai: ya ji daga bakinki cikin ɗaki, da lallashi, ko ya ji a bainar jama'a da gori. Na ga wanda ya ji ta hanya ta biyu. Bai yi fushi da wadda ta haife shi ba kamar yadda ya yi da waɗanda suka riƙe shi, don cewa ya yi shekara ashirin da biyar suna kallonsa yana rantsuwa da sunan da ba nasa ba.

Jinjirin da aka tsinta kuwa, a kai maganarsa ga hukuma tun ranar, a rubuta wurin da aka same shi, da ranar, da wanda ya ɗauke shi, a adana har zanen da aka naɗe shi da shi. Mu a wurinmu tsumma ne. Shi a wurinsa, wata rana, shi ne kaɗai abin da hannun uwarsa ya taɓa.

Saboda haka ina kira ga masu gari da limamai, ku da ake kira shaida: in an tambaye ku ɗan wane ne, ku faɗi wanda ya haife shi, sannan ku ƙara da cewa wane ke riƙonsa. Ma'aikatan rajista, tambaya guda ce za ku ƙara, ba ta cin minti ɗaya: kai ka haife shi ko riƙo ne? Mahukunta kuma su duba yadda za a samar wa mariƙi takardar da ke nuna shi ke ɗauke da yaro, wadda lakkol da likita za su karɓa, don kada ya ga sai ya zama uba a takarda kafin a saurare shi. Kai kuma Baba da ka riga ka rubuta sunanka, ƙofa ba ta rufe ba. Takardar da alƙali ya yi, ta hannun alƙali ake neman gyaranta, ka je kotu a Tasawa ko Mayahi ka yi bayani tun shaidun da suka ga haihuwar suna da rai. In tafiyar ta yi maka nisa a yanzu, ka kira malamin unguwa da dattawa biyu, a rubuta ko da ajami ne: sunan uban yaron, sunan uwarsa, garinsu, da shekarar da ya zo hannunka. Ka sa cikin gafaka, ka gaya wa wani amintacce inda take.

Wanda kuma Allah ya ba haihuwa cikin watan nan, ko a gida ko a likita, kwana sittin gare ku, kuma ba a biyan ko dala. Ku kai sanarwa tun kafin a yi maganar wa za a ba riƙonsa.